Sulhun Zaure Bai Isa Ga Wanda Aka Nakasa Ba

A watan da ya wuce aka kira ni shaidar wani sulhu a unguwarmu, nan Garwa a Arewacin Kamaru. Na je, na dawo gida raina a ɓace.

Wani tela ne, matashi mai mata da 'ya'ya biyu, suka yi sa-in-sa da maƙwabcinsa a kan kuɗin ɗinki. Maƙwabcin ya faɗa gida ya fito da adda. Telan ya ɗaga hannun dama don ya kare kansa, addar ta sauka a wuyan hannun. Ranar da aka zauna a zauren mai unguwa, hannun yana naɗe da bandeji, an rataya masa shi a wuya da ɗankwalin matarsa. Ko zaren ɗinkin likita ba a cire ba.

Kawun wanda ya yi saran ya ajiye sefa 150,000 a kan tabarma, ya ce kuɗin magani ne. Wani dattijo ya dubi telan ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah, ai ba ka mutu ba. Hannu zai warke." Baffan telan ya karɓe maganar, "Mun yafe, Allah ya kiyaye gaba." Aka shafa fatiha, aka raba goro. Mai hannun kuwa bai ce uffan ba, kansa na sunkuye har aka watse.

Yanzu an kwance bandeji. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ba ya iya riƙe almakashi.

Ga ra'ayina tun kafin in yi nisa. Duk dukan da ya kai ga mutum ya rasa ido, ko hannu, ko ji, ko ya kwantar da shi fiye da wata guda, ya wuce a rufe shi a zaure. Ina son sulhu, na kuma ga amfaninsa da idona. Amma sulhun da aka yi kafin rauni ya warke, ba tare da takardar likita ba, wanda wani ya yi yafiya a madadin mai ciwo, sannan aka ɓoye wa hukuma, zalunci ne na biyu a kan na farko.

Abin da dokar Kamaru ta tanada

Da yawanmu muna zaton doka ba ta damu da faɗa ba sai in an yi kisa. Kundin hukunta laifuka na ƙasar nan, wanda aka sabunta ranar 12 ga Yuli 2016, ya bi raunuka daki-daki.

Sashi na 277 ya ce wanda ya raba wani da amfanin wata gaɓa tasa har abada, ko wani ɓangare nata, ko gani ko ji, ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne a kansa. Wannan idan nakasawar ya nufa. In kuwa duka ya yi niyya, nakasa ta biyo baya ba da nufinsa ba, sai a koma sashi na 279: shekara 5 zuwa 10, kuma ana iya haɗa masa da tarar sefa 5,000 zuwa 500,000. Idan ya yi amfani da makami, ko guba, ko ruwan batir da makamantansa masu cin jiki, ko tsafi, hukuncin ya hau zuwa shekara 6 zuwa 15. Adda, wuƙa da kibiya duk nan suka faɗa.

Raunin da zai warke kuma, da kwanaki ake auna shi. Wanda ya hana mutum aiki fiye da kwana 30, sashi na 280 ya ba shi wata 6 zuwa shekara 5, ko tarar 5,000 zuwa 200,000, ko duka biyun. Fiye da kwana 8 zuwa 30, sashi na 281 ne: kwana 6 zuwa shekara 2, ko tarar 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun. In wanda aka daka ya cika daga baya, alhali ba kisa aka nufa ba, sashi na 278 ya yanke shekara 6 zuwa 20.

To, wa ke ƙirga waɗannan kwanaki? Likita. Shi zai duba, ya rubuta cewa wane ba zai iya aiki ba na kwana kaza, ko ya samu nakasa ta dindindin. A kan wannan takarda alƙali yake tsayawa. Shi ya sa nake jin takaici idan aka karya wa mutum ƙafa, 'yan'uwa suka wuce da shi kai tsaye gidan mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda, kuma ranar da ƙafa ta ɗoru a karkace, babu abin da za a nuna wa kotu sai baki.

"Kai mutum gaban hukuma ba halin Musulmi ba ne"

Wannan ita ce maganar da ta fi rufe wa masu rauni baki, don haka zan daɗe a kanta. Ana ce wa yaro yafiya ta fi, Allah na son masu haƙuri, dokar Nasara ce kake so ka kai ɗan'uwanka. Yaro ya ji kunya, ya yi shiru.

Mu koma ga karatun da muka yi a zaurukan malamanmu. Aya ta 45 a Suratul Ma'ida ta ambaci ido da ido, hanci da hanci, kunne da kunne, haƙori da haƙori, ta ce raunuka ma akwai ƙisasi a cikinsu. Bayan haka ne ta yi maganar wanda ya yi sadaka da haƙƙinsa. Sai da aka tabbatar wa mai rauni haƙƙinsa tukuna, sannan aka kwaɗaitar da shi ya bari. Kuma wanda ake kwaɗaitarwa shi ne mai raunin. Baligi mai hankali da aka sare wa hannu, baffansa ba shi da ikon yafewa a madadinsa. Mutum ba ya sadaka da abin da ba nasa ba.

Sai batun kuɗi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a wannan yanki, diyyar rai raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000. Ido ɗaya rabin haka ne, hannu ɗaya ma rabi. Kowane yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Rabin diyya dinari 500 ke nan, wato zinariya fiye da kilo 2. Wannan fa ga wanda ya yi kuskure ne. Mai ganganci, asalin hukuncinsa ƙisasi ne, sai in mai rauni ya amince da wani abu. Duk wanda ya ajiye 150,000 a kan yatsu uku ya ce ya bi addini, ya je ya tambayi farashin raƙumi ɗaya a kasuwa.

Akwai ƙa'idoji biyu a cikin Risala, littafin da kusan kowane almajiri a Garwa da Marwa da Ngaundere ya taɓa riƙewa, waɗanda masu sulhunmu suke tsallakewa. Ta farko, ba a ƙayyade diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimar a fili take: kafin warkewa ba wanda ya san ko hannu zai dawo ko ba zai dawo ba. Ta biyu, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, ba ya tashi haka nan ya tafi gida. Ana yi masa bulala 100, a tsare shi shekara guda. Malamanmu sun fahimci cewa bayan haƙƙin wanda aka zalunta akwai haƙƙin jama'a, wanda yake hannun mai mulki, kuma yafiyar iyali ba ta goge shi.

Saboda haka idan dokar ƙasa ta ce babban laifi ba ya mutuwa don an janye ƙara, ba ta zo mana da baƙon abu ba. A tsarin shari'ar Kamaru, duk laifin da mafi tsananin hukuncinsa ya wuce shekara 10 babban laifi ne, kuma mai shigar da ƙara na gwamnati yana da ikon ci gaba da shi ko da an yi sulhu. Sara da adda da ya bar nakasa yana cikin wannan aji. Maƙwabtanmu na Chadi, inda diyya ta fi ƙarfi fiye da nan, sun sha wannan muhawara, har gwamnatinsu ta fitar da umarni a 2019 cewa biyan diyya ba ya hana hukuma gurfanar da mai laifi.

"In ba a yi sulhu da wuri ba, wuta za ta tashi"

Wannan hujja tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Mun ga abin da ya faru a Logone-Birni a 2021, yadda rikici a kan ruwa da shanu tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya bazu har cikin Kusuri, dubun dubatan mutane suka tsallaka Chadi. Duk wanda ya ga haka ya san darajar dattijon da zai tashi cikin dare ya shiga tsakanin gida biyu kafin samari su ɗauko sanduna. Lamido da lawan da jauro suna yin aikin da jandarma ba zai iya ba, kuma dokar 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta ba su damar sasanta talakawansu.

Amma kwantar da tarzoma daban, yanke hukunci daban. Dattawa su shiga tsakani a daren farko, su hana ramuwa, su sa dangin mai laifi su ɗauki kuɗin asibiti tun daga ranar. Wannan duk alheri ne. Inda suke wuce gona da iri shi ne su ce magana ta ƙare, kada wanda ya sake ya je kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Kuma a lura da abin da ke haifar da ramuwar gayya. Ƙanin wanda aka nakasa yana ganin wanda ya sari yayansa yana shan shayi a bakin titi bayan kwana uku, yana dariya da abokai. Wannan yaron bai yafe ba, an dai hana shi magana. Sulhun gaggawa yakan rufe wutar da toka ne kawai, garwashin na nan a ƙasa. Idan kuwa ya san an kama mutumin, an tsare shi, alƙali zai saurari maganar, zuciyarsa na samun inda za ta sauka.

"Ɗauri ba zai dawo da ido ba"

Gaskiya ne, ba zai dawo da shi ba. Masu wannan magana sukan ƙara da cewa in an ɗaure mutum, matarsa da 'ya'yansa ne za su sha wuya, kuma wanda ke gidan yari ba shi da hanyar biyan kowa.

Ina tausayin waɗancan 'ya'yan. Sai dai mai rauni ma yana da 'ya'ya, kuma nasu uban ba shekara biyar zai yi ba ya ɗinki, har ya mutu ne. Ban san dalilin da ya sa a zaurukanmu ake tuna iyalin wanda ya ɗauki adda, a manta iyalin wanda addar ta sauka a kansa ba. Ko kuma in ce na sani: sau da yawa mai saran ɗan gidan wani ne, mai ciwon kuwa ɗan talaka ne, ko baƙo, ko yaron shago. Da wuya ka ga an nakasa ɗan attajiri an ce masa ya yi haƙuri da kuɗin magani.

Sannan mutane ba su san cewa kotun da ke hukunta laifi ita ce kuma ke yanke diyya ba. Mai rauni na iya shiga shari'ar a matsayin mai neman haƙƙinsa, ya kawo rasit na magani, ya kawo takardar nakasa, ya nuna abin da yake samu a sana'arsa kafin abin ya faru. Tara ta gwamnati ce, baitulmali take shiga. Diyya kuwa tasa ce. Wanda ba shi da kuɗin lauya, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa tallafin shari'a ga marasa hali, ana neman sa a kotu.

Alƙali kuma ba dutse ba ne. Doka ta ba shi damar duba wanda ya kare kansa ne, a sashi na 84, da wanda aka tsokana, a sashi na 85. Ta ba shi damar sassautawa a sashi na 90. Wanda bai taɓa laifi ba, in hukuncinsa bai wuce shekara 5 ba, ana iya jingine masa ɗaurin. Mutumin da ya biya kuɗin asibiti, ya nemi gafara, ya biya diyya ta gaskiya, yana da abin da zai faɗa wa alƙali. A nan ne sulhu yake da muhalli: a yi shi, a rubuta, a kai gaban kotu ta gani.

Laifin hukuma

Ba zan ɗora wa dattawa laifin duka ba. Mutane na gudun kotu ne don sun ɗanɗana. Ana ɗage shari'a sau da yawa, talaka ya bar kasuwarsa ya yini a kan benci, a ce ya dawo wata mai zuwa. Ana magana da Faransanci, shi kuwa Hausa da Fulatanci yake ji. Mutumin ƙauye sai ya biya mai kilando, wato ɗan acaɓa, zuwa gari kafin ya ga ko da ofishin jandarma. Gidajen yarin Garwa da Marwa sun cika sun batse, kuma da yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Dokar tsarin shari'a ta 2005 ta ce tsarewar wurin 'yan sanda awa 48 ce, ana iya sabuntawa, ta kuma sa iyaka ga tsarewar jiran bincike. Da ana bin wannan sau da ƙafa, da tsoron hukuma ya ragu a zukatan mutane.

Ita kanta dokar akwai inda take buƙatar gyara. Adadin tarar nan tun kundin 1967 suke, ba a taɓa su ba, alhali ko a 1994 sai da aka karya darajar sefa da rabi. Yau mutum zai iya kwantar da wani wata biyu a asibiti, doka ta yarda a ci shi tarar 5,000 kawai. Wannan bai kai kuɗin hoton ƙashi ba. Ina ganin ya kamata 'yan majalisarmu na Arewa su ɗaga wannan magana a Yawunde. Ya kamata kuma takardar likita ta zama kyauta ga wanda aka kawo asibiti jina-jina, domin wanda ke neman kuɗin allura ba zai tuna da kuɗin takarda ba.

Duk da haka, raunin kotu dalili ne na a matsa a gyara ta. Idan muka ce tunda kotu na jinkiri sai mu koma zaure, to mu tuna a zaure babu ɗaukaka ƙara, babu mai rubutawa, kuma mai ƙarfi ne yake zaɓen waɗanda za su zauna.

Waɗanda ko zauren ba a kai maganarsu

Matar da miji ya fasa wa dodon kunne da mari, uwarta ce za ta fara cewa, "Ki yi haƙuri 'yar nan, zaman aure sai da haƙuri." Sashi na 277 da na 279 ba su ware miji ba. Kunnen matar aure gaɓa ce kamar ta kowa.

Haka yaron da aka karya wa hannu da sunan horo, a gida ko a makaranta. A nan doka ta fi tsanani: in wanda aka yi wa rauni bai kai shekara 15 ba, sashi na 350 ya ninka hukuncin, nakasawa da gangan kuma ta koma ɗaurin rai da rai. Na yarda da tarbiyya, ni ma an yi mini, amma duk dukan da ya kai yaro asibiti ya fita daga tarbiyya.

Sai wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa. Kowa ya kawo nasa, wannan dutse, wancan katako, kafin 'yan sanda su iso an fasa masa ido. Wani lokaci ma daga baya a gane ba shi ba ne. Ko da shi ne, satar waya ba ta halatta wa kowa idonsa ba, kuma duk wanda ya sa hannu doka na iya bin sa shi kaɗai, ba ruwanta da yawan taron.

Abin da nake roƙo

Roƙona ga masu unguwa da limamai ne, don su ake fara kira. Ranku ya daɗe, idan aka kawo muku maganar jini, ku fara tambaya ko an kai mai ciwo asibiti, ko an karɓo takarda. Ku sa dangin mai laifi su ɗauki magani, amma kada ku yarda a yanke diyya sai likita ya faɗi yadda gaɓar za ta kasance. Ku keɓe da mai raunin shi kaɗai, ba a gaban baffanninsa da surukansa ba, ku ji ta bakinsa. In rauni ya kai nakasa ko an yi amfani da makami, ku da kanku ku sanar da hukuma. Hakan ba zai rage muku daraja ba, kuma zai kare ku ranar da maganar ta fito ta wata hanya.

Wanda kuma aka riga aka yi wa irin wannan sulhu yana cikin zafin ciwo, ya sani ƙofa ba ta rufe ba. Doka ta ba da shekara 3 a kai ƙarar matsakaicin laifi, irin raunin da zai warke, shekara 10 ga babban laifi, daga ranar da abin ya faru. Ya koma asibitin da aka ɗinke shi ya nemi a duba rajista, a auna nakasar, a rubuta masa. In an sa shi ya dangwala yatsa a wata takarda, ya kai wa lauya ya karanta masa abin da ke ciki kafin ya ɗauka cewa haƙƙinsa ya tafi.